A Wanke Lagireton Mota Kafin Zafin Bazara

Da zarar hunturu ya ja da baya, zafi ya kunno kai, akwai abin da matafiyi kan gani a hanyar da ta tashi daga Karfi ta bi ta Bunkure zuwa Rano da Kibiya. Mota ce tsaye a gefen titi. An ɗaga bonet, tururi yana tashi. Yaron mota ya nufi rafi da jarka, fasinjoji kuma suna zaune a gindin bishiya. Idan kayan gwari aka ɗauko, to tumatir yana nan yana narkewa a cikin kwando.

In an tambayi direba, sai ya ce motar ce ta yi zafi. Wani ya ɗora laifin a kan rana, wani a kan lodi. To, rana da lodi suna da nasu laifin. A watan Afrilu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40. Amma sau da yawa cutar ta daɗe a jikin motar. Ta samo asali ne daga irin ruwan da ake zuba mata, da kuma daɗewar da ruwan ya yi ba a canza shi ba.

Mai mota yakan tuna da juyen baƙin mai. Da wuya ya tuna cewa ruwan lagireto ma yana tsufa, kuma shi ma yana son juye.

Aikin Ruwa A Cikin Inji

Inji wuta yake hurawa a cikinsa. Man fetur ko gas yana ƙonewa, ƙarfin ƙunar shi ke tura mota. Amma ba duk zafin wutar ne ke zama ƙarfi ba. Wani yana fita ta salansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma yana shiga jikin ƙarfen injin. Idan ba a kwashe wannan zafi ba, ƙarfen zai kumbura, injin ya cije.

Ruwa shi ne mai kwashe zafin. A cikin jikin inji akwai 'yan hanyoyi da aka yi domin ruwa ya bi. Akwai wani ƙaramin famfo da ke tura ruwan. Ruwan yakan zagaya inji ya ɗebi zafi, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto. A cikin lagireto sai ya rarrabu cikin ƙananan bututai sirara masu yawa. Iskar da mota ke ketawa, da wadda fanka ke jawowa, su ke fifita shi ya huce. Daga nan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Haka yake ta kewayawa muddin inji na aiki.

Abin ya yi kama da noman rani a Kadawa. Ruwa ya taso daga madatsar Tiga ta babbar hanya, sannan ya rabu cikin ƙananan magudanu har ya isa kowace gona. Duk manomin rani ya san abin da ke faruwa idan laka da ciyawa suka cushe ƙaramar magudana. Ruwa yana nan a babbar hanya, amma gona tana bushewa. Haka lagireto yake. Ana iya buɗe shi a gan shi cike da ruwa, alhali rabin bututansa a toshe suke.

Ba kowane inji ne ke da wannan tsari ba. Yawancin babura da ƙananan injinan ban ruwa iska ce kawai ke sanyaya su. Amma motar haya, da a-kori-kura, da babbar mota, da tarakta, yawancinsu da ruwa suke aiki.

Abin Da Ke Ɓata Ruwan

Abu na farko laka ce. Ruwan rafi da na kududdufi da na magudanar noman rani suna ɗauke da laka da yashi, ko da ido bai gani ba. A zuba irin wannan ruwa a kwalba, a bar shi ya kwana. Da safe za a ga abin da ya kwanta a ƙasa. Wannan shi ne ke kwanciya a gindin lagireto.

Abu na biyu zartsi ne. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse garau yake, ga daɗin sha, amma akwai gishirin ƙasa narke a cikinsa. Mai son ganin shaida ya leƙa cikin butar mai shayi wadda ta daɗe a kan wuta. Zai ga wani farin abu mai tauri ya manne a gindinta. Ruwa ne ya bar shi. Inji ma dafa ruwa yake yi kullum, saboda haka irin wannan farin abu yana manne wa hanyoyin ruwansa. Yana rage musu faɗi, yana kuma hana zafi ratsawa daga ƙarfe zuwa ruwa.

Abu na uku tsatsa ce. Zallar ruwa da ƙarfe da zafi, in sun haɗu, tsatsa suke haifarwa. Shi ya sa ruwan tsohon lagireto kan fito ja kamar ruwan kwata bayan mamako. Tsatsar ba toshe hanya kawai take yi ba. Tana cin fikafikan famfon ruwa har ya kasa tura ruwa sosai. Tana kuma huda ƙarfe.

Ga alamun da ke nuna lokacin wanki ya yi. Ruwa ya koma ja ko ruwan ƙasa. Dauɗa ta taru a bayan murfi. Allurar zafi da ke gaban direba tana hawa idan an hau tudu ko an yi lodi, bayan da ba ta yin haka. Ko kuma a ga kullum sai an ƙara ruwa. Wannan ta ƙarshe tana nufin akwai inda ke yoyo, kuma wanki kaɗai ba zai warkar da ita ba. Sai an nemo wurin an gyara tukuna.

A Bar Inji Ya Huce

Wannan ita ce magana mafi nauyi a duk aikin. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

Ga dalili. Ruwa a tukunya yana tafasa a wajen digiri 100. Amma murfin lagireto ba murfin banza ba ne. An yi shi ne ya danne ruwan, yadda zai iya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an kwance murfin, dannewar ta tafi. Nan take ruwan zai tafasa gaba ɗaya, ya yi tsiri sama, ya watsu a fuska da ƙirji da hannu. Tsumman da ake ɗorawa a kan murfi ba ya tare wannan ruwa. Abin yakan samu yaran mota, domin su ake turawa.

Lokacin da ya fi dacewa da wankin lagireto shi ne da safe, motar ta kwana ba a tashe ta ba. In kuwa ta yi tafiya, a jira har sai mutum ya iya riƙe tiyon sama da hannu, ya matsa shi ya ji ya yi laushi. A kuma kiyayi fanka. A motoci da yawa fankar da lantarki take aiki, tana iya tashi da kanta ko da an kashe mota.

Idan tsautsayi ya sa ruwan zafi ya ƙona wani, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har wajen minti 20. Kada a shafa baƙin mai, ko man goge baki, ko ƙwai. Kada a fasa ƙurji. In ƙunar ta yi faɗi, ko ta taɓa fuska, a garzaya da shi Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa.

Zubar Da Tsohon Ruwa

Kayan aikin ba su da yawa: filaya, sukundireba, mazurari, babban daro, da ruwa mai tsabta kamar jarka biyu.

A tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu. A buɗe murfin lagireto. Wasu motoci, irin su Golf, ba su da murfi a kan lagireton, murfinsu yana kan robar ajiyar ruwa da ke gefe. A ajiye daro a ƙarƙashi. A gindin lagireto akwai ɗan ƙaramin toshi, sai a kwance shi a hankali, don sau da yawa na roba ne, yana karyewa. In babu toshin, a sassauta maɗaurin tiyon ƙasa a zare tiyon. Ruwa zai zubo.

A dubi abin da ya zubo da kyau, domin yana ba da labari. Jan ruwa tsatsa ce. Amma idan aka ga mai yana yawo a samansa, ko ya yi kauri kamar shayi mai madara, to a tsaya nan. Mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ya ƙone, mai da ruwa sun haɗu. A zaro sandar auna baƙin mai a duba. In shi ma ya yi fari-fari, aikin ya wuce wanki, sai a kira makanike.

Kada a zubar da tsohon ruwan inda yara ke wasa, ko inda awaki da kaji ke sha, ko kusa da rijiya. Za a ga dalili nan gaba kaɗan.

Ɗauraya

A mayar da toshi ko tiyo, a cika da ruwa mai tsabta, a rufe murfi. A ta da mota. Idan motar tana da hita, wato abin ɗumama ciki lokacin sanyi, a murɗa ta zuwa wajen zafi, domin akwai ruwa a cikinta, shi ma ya zagaya. A bar inji yana aiki kamar minti 10 zuwa 15, har tiyon sama ya ɗau zafi. Sai a kashe, a jira ya huce sosai, a sake zubarwa.

Haka za a yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. Motar da ake kula da ita sau biyu ya ishe ta. Wadda ta shekara da shekaru tana shan ruwan rafi tana iya cin sau huɗu ko biyar. Jiran hucewar ne ke cin lokaci, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Wanda zai kai kaya kasuwa da hantsi kada ya fara wannan aiki ranar.

Inda ake da ruwan famfo mai ƙarfi, ana iya zare tiyo biyun, a cusa ruwa ta ƙofar ƙasa ta lagireto ya fita ta sama. Da yake ruwan ya bi hanyar da bai saba bi ba, yakan tayar da dauɗar da ta maƙale. A kuma ciro robar ajiyar ruwa a wanke cikinta.

Akwai maganin wanke lagireto da ake sayarwa a kwalba. Wanda ya saya ya bi abin da aka rubuta a jiki, in bai iya karanta Turancin ba ya sa a karanta masa, kada ya bar maganin ya wuce lokacin da aka faɗa. Amma akwai dabarun gareji da ya kamata a guje musu. Wasu kan zuba garin sabulun wanki. Kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi, kuma da wuya a ɗauraye shi duka. Wasu kan jiƙa kanwa. Lagireton motocin yanzu da kan injinsu na alminiyum ne, ƙarfen nan mara nauyi da ake ƙera tukwane da shi, kanwa kuwa tana cin sa. Wasu kuma kan fasa ƙwai ko su zuba garin taba don toshe yoyo. Yakan toshe ɗin na ɗan lokaci, amma bai san bambancin huda da hanyar ruwa ba, duka yake toshewa. Lagireton da ya huje, ko wanda ya toshe ƙwarai, a kai shi wa masu gyaran lagireto su buɗe su tsefe, ko a sayi wani.

Kada a manta da wajen lagireto. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin sussuka, da ƙwari, duk suna cushe ragarsa su hana iska wucewa. A watsa masa ruwa a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje. Kada a tsokane shi da waya ko ƙusa. Tarakta ta fi kowa fama da wannan, musamman lokacin kaka. Direbanta ya riƙa duba ragar kowace safiya.

Wane Ruwa Za A Zuba?

Kamfanonin da ke ƙera motoci ba zallar ruwa suke cewa a zuba ba. Akwai wani ruwa mai launi, kore ko ja ko shuɗi, wanda makanikai ke kira kulant. Ana samunsa a gidajen mai da shagunan kayan mota, da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Mutane da yawa suna cewa kulant na ƙasashen sanyi ne, inda ruwa ke daskarewa, wai a nan ɓarnar kuɗi ce. Rabin gaskiya ke nan. Lalle a Turai da Amurka yana hana ruwa zama ƙanƙara ya fasa inji, kuma babu ranar da ruwa zai daskare a Tarai ko Rurum. Amma kulant yana da wasu ayyukan. Yana ɗauke da maganin tsatsa. Yana kuma sa ruwa ya ƙara jure zafi kafin ya tafasa. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da motar wannan yanki take bukata. Kuɗin galan ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sauke kan inji ba.

Kulant iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka riga aka sirka, ana zuba shi yadda yake, ba a ƙara masa ruwa. Akwai kuma mai kauri wanda ake sirkawa rabi da rabi. A tambayi mai shago wane ne. Kada a zuba mai kaurin zalla da tunanin zai fi ƙarfi. Ba ya kwashe zafi kamar sirkakke. Kada kuma a haɗa iri biyu daban, domin wasu in sun haɗu sukan yi guda-guda. Launi ba shi ne shaida ba, kamfanoni biyu na iya yin kore amma haɗinsu ya bambanta.

Ruwan sirkawa kuma ya zama mara zartsi. Wanda ya fi kyau shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. A nan sai an lura ƙwarai. Abu biyu ake kira ruwan batir. Ɗaya tataccen ruwa ne, ɗaya kuma asid ne mai cin ƙarfe da fata. Na farkon ake nufi. In ba a samu ba, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, aka bar shi ya kwanta aka tace, ya fi ruwan rijiya. Mai mota na iya ajiye jarka guda tun damina saboda wannan aiki. Da irin wannan ruwa ya kamata a yi ɗaurayar ƙarshe ma.

Kulant dafi ne. Yawancinsa yana da ɗan zaƙi, ga launi mai kyau kamar lemon kwalba. Kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro ko ya kashe dabba. Kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha. A ajiye shi inda hannun yara bai kai ba. In wani ya sha, a kai shi asibiti nan da nan, ko da bai nuna alamar ciwo ba, a tafi da robar likita ya gani.

Cikawa Da Fitar Da Iska

Kafin a cika, a duba tiyo. Wanda ya tsattsage, ko ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, a canza shi yanzu tun da babu ruwa a ciki. A ɗaure maɗaurai da kyau. A duba fambel, kada ya yi sako-sako.

Ƙaramar mota takan ci tsakanin lita 5 zuwa 8. Akwai wata dabara ga mai amfani da kulant mai kauri. Duk yadda aka zubar da ruwan ɗauraya, wani yakan rage a cikin inji. Saboda haka in motar mai cin lita 6 ce, a fara zuba kulant lita 3, sannan a cike sauran da ruwa. Ta haka sirkin zai zo daidai.

A zuba a hankali ta mazurari. Zuban gaggawa yana kulle iska a ciki, kuma inda iska ta tsaya ruwa ba ya kai wa, wurin sai ya yi ta gasuwa. Motoci da yawa sun yi zafi kwana ɗaya bayan wanki saboda wannan. Wasu motoci suna da ɗan noti na fitar da iska a kan tiyo ko kusa da kan inji. A sassauta shi har ruwa ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure.

Bayan an cika, a ta da mota murfi a buɗe. A riƙa matsa tiyon sama. Za a ga kumfar iska tana fitowa, ruwa yana sauka, sai a riƙa ƙarawa. Idan kumfa ta daina, a rufe murfi tun ruwan bai yi zafi sosai ba. A cika robar ajiya zuwa tsakanin layi biyun da ke jikinta. An rubuta MIN a na ƙasa, MAX a na sama. Kada a wuce na sama, don ruwa yana ƙaruwa in ya yi zafi. A bar inji yana aiki ana kallon allura, har fanka ta tashi. A leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗiga. Washegari da safe a sake dubawa a ƙara abin da ya ragu.

Tamostat Da Murfi

A bakin hanyar da ruwa ke fita daga inji akwai wata 'yar ƙofa mai buɗe kanta, sunanta tamostat. Da safe takan rufe don inji ya yi ɗumi da wuri. In zafi ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 90 sai ta buɗe. Makanikai da yawa suna cire ta su yar da zarar mota ta shigo ƙasar nan, su ce ita ke kawo zafi. Wadda ta lalace ta ƙi buɗewa lalle tana kawo zafi, amma maganinta a sa sabuwa. Injin da ba shi da ita yana daɗewa bai kai ɗumin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya kuma yi saurin cinyewa. Gwada ta ba wuya. A jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Murfi ma haka. In robarsa ta cinye, ba zai danne ruwa ba, motar za ta riƙa tafasa da wuri komai tsabtar lagiretonta. Wanda ya ɓatar da murfi ya toshe bakin da tsumma ko leda bai yi komai ba. A sayi mai lamba iri ɗaya da tsohon.

Idan duk da haka allura ta hau ja ana cikin tafiya, a sauka gefe a kashe mota, a ɗaga bonet, a jira. Kada a kwara wa inji ruwan sanyi, kada kuma a ɗura masa shi yana da zafi, domin kan inji na iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Bayan ya huce, in ba a da wani ruwa sai na rafi, a tace da ƙyalle a zuba don a isa gida. Amma a sani an ci bashi, sai an sake wanki.

Kulant irin na da yakan yi wajen shekara 2 kafin maganin tsatsarsa ya ƙare. Akwai na zamani mai kai shekara 5, in ba a riƙa sirka shi da ruwan hanya ba. Motar haya da ke zirga-zirga kullum tsakanin Kibiya da Kano, ko a-kori-kurar da ke jigilar hatsi zuwa Dawanau, gara a duba ruwanta duk ƙarshen hunturu. Mai mota ya rubuta wata da shekarar da aka yi juyen, da sunan kulant ɗin da aka zuba, a ɗan littafi, ya ajiye tare da takardun mota.